Da a Malam Madori Aka Matse Gyaɗar: Nazari Kan Garuruwan Layin Dogon Kano Zuwa Nguru

A shekarar 1930 aka kammala reshen layin dogo da ya tashi daga Kano ya nausa arewa maso gabas, ya ratsa Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya tuƙe a Nguru, tafiyar kimanin kilomita 230. Ba don fasinja aka shimfiɗa shi ba. Ƙasar da ya ratsa mai rairayi ce, irin wadda gyaɗa ke so, kuma tun bayan da jirgi ya iso Kano a 1911 Turawa suka gane cewa gyaɗa ce za ta cika musu taragu, ba audugar da suka zo da burinta ba. Layin bai shiga Haɗejiya ba. Ya bi tudu ya bar garin Sarki can gefen fadama, aka kafa tasha a Malam Madori, kimanin kilomita 20 daga birnin. Nan da nan wurin ya cika ya batse: kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, Kwarori suka sauka, 'yan kudu ma'aikatan jirgi suka zo da iyalansu, majiya ƙarfi daga ƙauyuka suka yi ta kwararowa neman dako. Har dalar gyaɗa an gina a Malam Madori, kamar yadda aka gina a Ƙofar Mazugal da Bebeji da Dawakin Kudu.

Yau wanda ya je tashar zai tarar da tsofaffin rumbunan ajiya da gidajen ma'aikata sun tsufa a tsaye, hada-hadar ta koma bakin kwalta. Idan aka tambayi dalili, amsa uku ake bayarwa: fari, cutar gyaɗa, da man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati. Duka ukun gaskiya ne. Amma ni a ganina kafin su zo an riga an yanke wa waɗannan garuruwa hukunci, tun lokacin da aka tsara cewa aikinsu shi ne su auna gyaɗa su loda, matsewa kuwa sai wani wuri. Abin da wannan nazari zai bi diddigi shi ne: da a ce tsakanin 1949 da 1960 an kafa injinan matse mai a tashoshin nan, a hannun mutanen wurin, da yaya ƙasar Haɗejiya da Ringim da Gumel za ta kasance?

Abin da garin tasha ya iya

Dattawan da suka ga zamanin suna ba da labarin kaka kamar jiya aka yi. Manomi ya cire gyaɗa ya shanya, a tsinke ta, mata su zuba a turmi su ɓare, su sheƙe. A ɗora wa jaki ko raƙumi tun asuba. Kafin a kai tasha 'yan baranda sun tare hanya, kowa na jan akala zuwa rumfar ubangidansa, wanda galibi ya riga ya ba manomin bashi tun da damina. A rataya buhu a sikeli, malamin awo ya rubuta, mai duba kaya ya soka ƙarfe a cikin buhun ya zaro ƙwaya ya murza a tafin hannu ya ga ko akwai tsakuwa ko danshi. Mai basilla ya ɗinke baki. Ɗan dako ya sunkuya a aza masa a ƙeya, ya hau dala yana taka buhunan da 'yan uwansa suka jera, ya sauke a inda aka nuna masa. Dala guda takan ci buhu har 15,000.

A lura da sana'o'in da ke cikin wannan hoto: awo, rubutu, ɗinki, dako, lodi, gadi. Babu ko ɗaya da ke buƙatar mutum ya san cikin inji. Shekara arba'in gari yana cin abinci daga gyaɗa, amma bai samu dalilin da zai sa ya haifi makaniki ko mai zubin ƙarfe ba. Ko buhun da ake zubawa, a yawancin wannan zamani daga waje ake shigo da shi.

Ita kanta dalar da muke sawa a hotuna muna tinƙaho da ita, rabinta shaidar albarka ce, rabinta shaidar cunkoso. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukumar jiragen ƙasa ta yi ƙarancin kawunan jirgi da taragu, gyaɗa ta yi ta taruwa a Arewa an rasa yadda za a kwashe ta zuwa Ikko, wato Legas, wata ta kwana shekara ƙarƙashin tampol ƙwari na ci. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Ke nan a daidai lokacin da ake kukan rashin taragu, mafita tana zaune a fili: a matse a nan, a tura mai a ganguna, tunkuzar ta tsaya ta ciyar da dabbobi.

Me ya hana? Na farko, babban mai sayen gyaɗar, kamfanin UAC da aka kafa a 1929, a lokacin ɗa ne ga Unilever, wadda ke da nata injinan matsewa a Turai, kuma ɗanyen kaya take so. Na biyu, tun 1942 gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe cinikin fitar da amfanin gona, a 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta ƙasa, a 1954 aka mayar da ita ta Jihar Arewa. Hukumar ce ke yanka farashin da za a biya manomi, ta sayar a kasuwar duniya, ta riƙe rarar. Masana tattalin arziki da suka bi lissafin sun nuna cewa tsakanin 1947 da 1954, idan aka haɗa rarar hukuma da harajin fitar da kaya, kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ya kamata ya shiga aljihun manomin gyaɗa bai shiga ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na cewa duk kuɗin sace su aka yi. Da su aka yi ayyuka da dama, kuma hukumar tana cikin masu hannun jari a masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957. Amma masaƙar a Kaduna take, manomin da ya biya kuwa yana Kaugama ko Garki.

An kafa injinan matse gyaɗa a Najeriya tun daga shekarun 1940, sai dai a birnin Kano aka tara su, inda akwai lantarki da banki da ofisoshin gwamnati, kuma mafi yawansu na 'yan kasuwa baƙi ne. Su ma daga hannun hukuma suke sayen gyaɗar, a farashin da ta ga dama. Jarin masana'antu ya taru a Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa, sauran ƙasar kuwa ta zama gona da rumbu.

Mu ƙaddara an yi akasin haka

Daga nan duk abin da zan faɗa ƙaddarawa ce. Mu ce a farkon shekarun 1950 hukumar ta yarda da abu biyu: duk gyaɗar da aka saya a tasha, a ware wani kaso a sayar wa mai inji na garin a farashin tasha, ba tare da an ɗora masa kuɗin jirgi zuwa Ikko ba, sannan a ba attajiran yankin da baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya, rancen sayen ƙananan injina masu aiki da baƙin mai. Ba katafariyar masana'anta guda ba. Injina biyar ko shida a Malam Madori, uku a Ringim, biyu a Gagarawa, biyu a Birniwa, kowanne da mai shi.

Da shekarun farko wahala za a sha. Inji zai lalace a yi wata ana jiran kayan gyara daga Ingila. To wannan jiran shi ne makarantar. Mai inji ba zai zauna jarinsa na kwance ba. Zai kira maƙerin garin ya nuna masa ƙarfen da ya karye ya ce, Malam, ko za ka gwada? Maƙeran ƙasar Hausa da suka iya ƙera linzami da kwado da bindigar toka ba za su gagara kwaikwayon ƙusa da ƙafar inji ba. A shekara goma da an samu layin makanikai da masu walda da masu zubin ƙarfe a bayan tasha, yaran da suka fara da miƙa sifana sun zama iyayen gida. Wannan layin, a wurina, ya fi injinan kansu daraja, don inji yana tsufa ya mutu, amma garin da ya koyi gyara ya koya ke nan.

Sai abin da ke biyo baya. Mai yana buƙatar mazubi, da an samu masu yin gwangwani da gyaran ganguna. Dattin mai da wanda bai kai na ci ba da ya tafi sabulu, ga toka ga kanwa a kusa. Tunkuza kuwa, maimakon a loda ta zuwa Turai a ciyar da shanun can, da ta haɗu da harawa da dusa ta zama abincin turka. A tuna cewa kasuwar dabbobi ta Maigatari, da ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar, ba ta da nisa da Gagarawa, kuma Nguru ta daɗe tana loda shanu da busasshen nama zuwa kudu. Da bijimi ya shigo daga Nijar a rame, ya yi wata uku a turke a ƙauyukan Gumel, ya hau jirgi da ƙiba. Takin da ya bari ya koma gonar da gyaɗa ta tsotse. Inda ake yanka kuma nan fata take, nan majema da dukawa za su zauna.

Da garin da ke da injina ashirin da bita hamsin ya nemi lantarki da bakinsa, kuma da an saurare shi, don akwai mai biya. Da makarantar koyon sana'a ta zo Malam Madori tun kafin 'yancin kai. Haɗejiya, mai sarauta da kasuwa da kifi da fadama, da Malam Madori, mai tasha da inji, da sun miƙo hannu sun haɗe ta hanyar da ke tsakaninsu, sun zama gari biyu masu cin moriyar juna. Ringim da ta zama ta biyu, ga kasuwar Gujungu ta ranar Lahadi a kusa da ita tana shanye kayan da aka ƙera. Ba ina cewa da an yi wata Kano ba ne. Da dai an samu garuruwa huɗu ko biyar matsakaita a jere a kan layi guda, inda saurayi zai gama aikin gona da kaka ya yi cin-rani a tafiyar keke daga gidansu, maimakon ya tafi Ikko ko Fatakwal tura kurar ruwa da gadi.

Wani zai ce mafarki ne. To akwai inda aka yi. A yankin Saurashtra na jihar Gujarat a Indiya, ƙasa ce mai ƙarancin ruwa da ke noman gyaɗa, ƙananan injinan matse mai suka bazu a garuruwa a hannun 'yan ƙasa, kuma birnin Rajkot ya shahara da ƙera injinan baƙin mai da kayan gyara a ƙananan bita. Akwai kuma misalin da ke jan kunne. Senegal ta riga mu matse gyaɗarta a gida, da masana'antu a Dakar da Kaolack da Diourbel da Ziguinchor, amma manya ne, na kamfanonin Faransa, daga baya gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970. Sun ba da aikin albashi, ba su cika garuruwan da masu ƙere-ƙere ba. Shi ya sa na nace a kan ƙananan injina masu yawa. Babbar masana'anta da injiniyanta take zuwa, ta kewaye kanta da katanga, ranar da ta rufe kuma ta rufe da iliminta.

Ba ma sai an je Indiya ba. A je Kura. Tun a ƙarni na 19 garin ya yi suna da rini da bugu, rawaninsa da turkuɗinsa na kai wa har cikin Sahara. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lura cewa masana'antar tufafin ƙasar Kano a cikin gidaje take, ba a manyan ma'aikatu ba. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya shiga gonakin Kadawa da Kura, shinkafa ta samu. Yau idan ka shiga garin, hayaƙin gumi ne zai fara tarbarka. Mata na turara shanshera a rabin ganga a cikin gida, yara na baza ta a kan tampol suna juyawa da ƙafa, mai kura na kai wa inji, injin na tofar da ɓuntu ta baya, wani na kwashe ɓuntun ya sayar, wani na tsince tsakuwa, wani na ɗinke buhu, dillali na tsaye da wayarsa a kunne. A gefe ga mai walda yana gyaran rariyar inji, wani lokaci ma shi ya haɗa injin gaba ɗaya. Babu wanda ya zana wannan a takarda. An dai bar shinkafar ta tsaya a garin har a cashe ta. Kilomita kaɗan daga nan, a Kadawa, an buɗe katafariyar masana'antar tumatir a 2016 mai iya cin tan 1,200 a rana. A shekarar tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, kuma tun daga lokacin masana'antar take buɗewa tana rufewa. Kura kuwa ko shekara ta yi kyau ko ta ɓaci, injinanta na juyawa, don in shinkafar gida ta yi ƙaranci sai a sayo daga Haɗejiya ko Taraba.

Jarrabawar fari da kuturta

Duk ƙaddarawar da ba ta bi ta shekarun 1970 ba, wasa ce. Farin 1972 zuwa 1974 da ya zo ko da inji ko babu. A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta halaka gonaki kimanin hekta 700,000 a Arewa. Najeriya da ta kasance kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa a shekarun 1960 ta daina fitarwa. Manoma suka koma gero da wake. A tarihin da ya faru, nan garuruwan tasha suka durƙushe, don babu abin aunawa, kuma awo kaɗai suka iya.

A tarihin da muke ƙaddarawa ma da an ji jiki. Da rabin injinan sun rufe, da wasu attajirai sun karye. Amma injin da ke matse gyaɗa yana matse riɗi da angurya da waken suya in an ɗan sauya masa saiti, kuma riɗi na yi a wannan ƙasa ko da ruwa ya yi ƙaranci. Makanikan kuwa da sun tarar da sabon ciniki na jiransu: famfunan ban-ruwa da suka cika fadamu daga shekarun 1980, injinan niƙa, garmar shanu, amalanke, injinan casar shinkafar kwarin Haɗejiya da Auyo. Duk waɗannan an saye su a tarihin gaskiya, amma daga waje aka shigo da su, ko daga Kano.

Jarrabawa ta biyu ita ce 1986, shekarar da aka rushe hukumomin ciniki aka karya darajar Naira. Ita ce ta fara kwantar da masana'antun Bompai da Sharaɗa, waɗanda suka dogara da kayan gyara da kayan aiki na waje, rashin wuta kuma ya ƙarasa da yawansu. Ƙananan bita da ke ƙera kayan gyara da tsohon ƙarfe su ne irin wannan yanayi kan yi wa daɗi, don na waje ya yi tsada. A nan nake ganin garuruwan tasha da sun fi birni jurewa. Kuma da aka zo ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, da sabuwar jihar ta tashi da abin da za ta karɓi haraji a kansa. Yadda aka yi kuwa, hedikwata ta tafi Dutse, wadda ba ta kan layin dogo, ta girma da albashi da kwangila, jihar kuma ta zauna jiran kason wata-wata daga Abuja.

Akwai waɗanda da sun yi asara, kuma bai kamata a ɓoye su ba. Na farko matan aure. Matse man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli sana'arsu ce ta cikin gida, da ita ake yi wa 'ya kayan ɗaki, da ita ake zubin adashi. Inji a bakin tasha zai iya karya musu farashi ya mayar da ribar hannun maza masu jari. A Kura abin bai zama haka ba, saboda gumi ya tsaya a hannun mata, inji ya ɗauki casa kawai. Da a gyaɗa ma sai an samu irin wannan rabon aiki, inji ya markaɗa, mata su matse su soya, in ba haka ba da cigaban ya ci da haƙƙinsu. Na biyu ruwa. Wanda ya ga abin da majemun Challawa da Sharaɗa suka yi wa kogin da ke kusa da su ya san me ake nufi da jima ba tare da tace ruwa ba, kuma a ce an zuba irin wannan a dausayin Haɗejiya da Nguru, inda dubban masunta da makiyaya ke ci, da ɓarnar ta yi muni. A ɗaya gefen kuma, garuruwa masu masana'antu da attajirai da sun fi ƙauyukan masunta murya a lokacin da ake tsara sakin ruwan Tiga da na madatsar Challawa da aka gama a 1992. Wataƙila da ba a bari ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa har ta kai ana ambaliya a Auyo da Haɗejiya da Guri, wasu wuraren kuma na kukan ƙishirwa, kafin a ɗauki mataki ba.

Dalilin da ya sa wannan lissafi ya dame ni shi ne ana sake maimaita shi da zoɓo da riɗi. A Maigatari da Gumel da Gagarawa da Suletankarkar, da kaka za ka ga 'yan baranda sun tare hanya, an rataya buhu a sikeli, mata na zaune suna tsince zoɓo, 'yan dako na lodi. Tirela ta maye gurbin tarago, Dawanau ta maye gurbin dala. Zoɓon Meksiko ya fi tafiya, riɗin kuma Japan da Sin da Turkiyya, a can ake matse shi a zuba a kwalba. An ware yankin ciniki maras haraji a Maigatari da filin masana'antu a Gagarawa, amma tunanin da ke bayansu har yanzu na jiran babban mai jari ne daga nesa, a ba shi fili mai faɗi ya kewaye. Mai ƙaramin injin matse riɗi ko gyaɗa a bayan kasuwa, abin da yake nema bai wuce uku ba: wutar da zai san sa'o'in zuwanta, rancen da ba sai ya jinginar da gidan gado ba, da wurin gwajin da zai tabbatar masa man nasa ba shi da gubar fumfuna don ya iya sayarwa a kanti. Sabon layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zai bi ta Ɗambatta da Kazaure, da reshe zuwa Dutse. Ya kamata majalisar jiha da masarautu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su nemi a ware fili a bayan kowace tasha, a yanka shi ƙananan filaye, a ja masa wuta, a ba masu injina da makanikan garin tun kafin jirgin farko ya tsaya.